Ƙarar Gwiwar Yayana

Gwiwar hagu ta yayana tana da ƙara. Duk lokacin da ya durƙusa sai ta ce ƙas, kamar an karya busasshen kara. Yana yaro ya zamo daga kan ɗaya daga cikin manyan duwatsun nan na unguwar Birni, ƙafar ta warke, ƙarar ta zauna. Ni ce autar gidanmu, bakina kuma ba ya hutawa, don haka na mai da gwiwar abin tsokana. In muka yi faɗa sai in ce masa ya je ya zuba mata man gyaɗa.

Babanmu baduku ne, kakanninsa daga Barno suka zo Damagaram. A zaure yake aiki, yana ɗinka jaka da zabira da kuben wuƙa da matashin fata. Gidanmu ƙarami ne, bango ɗaya ya raba zauren da madafa. Kowace safiya in rana ta ɗan ɗaga, Yaya zai fito daga ɗakinsa, ya tuɓe takalmi a bakin zaure, ya durƙusa. Ƙas.

"Baba, ina kwana?"

Baba ba ya ɗaga kai daga ɗinki. "Lafiya lau. Ka tashi lafiya? Allah ya yi albarka."

Ni ina madafa da Inna, da na ji ƙarar nan na san lokacin kai kunu zaure ya yi. Ban taɓa ɗaukar ta a bakin komai ba. Yau na tsufa, na ji kiɗa iri-iri a duniya, amma babu sautin da nake kewa kamar wannan.

Farin da zan ba da labarinsa, shekarar da ruwan sama ya ƙi sauka, shi ne na biyu, wanda ya same ni ina budurwa, ina zuwa lakwal, wato makarantar boko, sojoji na mulki. Da farko fata ta yi arha har Baba ya ɗan yi murna, Allah ya yafe masa, don makiyaya na ta rabuwa da dabbobinsu kafin su mutu a hannunsu. Murnar ba ta je ko'ina ba. Fatar dabbar da yunwa ta cinye ba ta da ƙwari, ka soka basilla ta yage kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ko da ta yi ƙwarin ma, wa zai sayi matashin fata yana neman abin da zai sa a tukunya? Kayan suka taru a zaure, Baba yana ta ɗinki saboda hannunsa bai san zama ba.

Muna da dangi a ƙauyukan Damagaram Takaya, masu kawo mana damman hatsi a kan jaki kowace kaka. A shekarar nan sai suka zo da jakin babu kaya. Waɗanda suka biyo bayansu ko jakin babu. Tsakar gidanmu ta cika da tabarmi da jarirai, Inna tana ƙara wa kunu ruwa har mutum yana hango gindin ƙwarya.

Sai kamiyo, manyan motocin kaya, suka fara shigowa gari da jar dawa ta taimako. Tuwonta ja ne, yana da ɗaci-ɗaci, Inna ta ce a zamanin lafiya ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci. Amma a lokacin ita ce rai. Rabon unguwarmu ya faɗa hannun wani alhaji mai faɗa-a-ji. Ba zan faɗi ko wane ne ba, jikokinsa na nan, kuma ba su suka yi ba.

Baba ya ce shi ba zai je ba, girmansa ya wuce layi. Ya tura Yaya, ni kuma na bi shi da ƙwarya don ni zan ɗauko. Muka tarar da alhajin a kan kujera a inuwar ƙofar gidansa, buhuna a bayansa, mutane a rana. Da layi ya zo kanmu, Yaya ya tuɓe takalmi a kan yashi mai zafi, ya durƙusa kamar yadda aka koya masa. Ƙas.

"Ranka ya daɗe, barka da rana. Baba ya ce a gaishe ka."

Alhajin bai amsa ba. Ya juya yana hira da wani mai babbar riga da ya zo daga baya. A ƙa'ida wanda ya durƙusa ba ya tashi sai an amsa masa, don haka Yaya ya zauna a kan gwiwoyinsa. Aka auna wa mai babbar rigar. Aka auna wa wani da ya iya kirari, ya zo yana zuba wa alhajin "uban marayu, inuwar talaka". Aka auna wa wasu mata da ya sani. Yaya na durƙushe, gumi na bin bayan wuyansa, tafin ƙafarsa na gasuwa. Na ce masa a hankali, "Yaya, tashi mu tafi, a bar masa dawarsa." Ko kallona bai yi ba, don ya san bakunan da ke jira a gida.

Sai da inuwa ta juya sannan alhajin ya dube shi, kamar yanzu ya gan shi.

"Af, ɗan gidan baduku ne? Na yau ya ƙare. Ka gaida babanka, ku dawo gobe."

Yaya ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta riga ta mutu, ya tafi taga-taga ya dafa ƙasa da hannu. Wasu suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, ta mai yunwa ce da ya samu abin da zai ɗan manta da cikinsa, amma Yaya ya ji ta. Muka dawo gida da ƙwarya a kife. Kwana kaɗan bayan haka Yaya ya ga irin buhunan nan a kasuwa, ana sayar da dawar tiya-tiya.

Bai yi maganar da kowa ba. Ya ɗaure 'yan kayansa, ya nemi albarkar Baba, ya tsallaka iyaka kudu cin rani kamar sauran samarin gari.

Bayan tafiyarsa wata safiya na kai wa Baba kunu, na same shi yana laluben basilla da hannu alhali tana gabansa. Idonsa ya fara rauni, yana ɓoyewa. Ya karɓi ƙwaryar ya ce, "Auta, gidan nan ya yi shiru."

Na ce, "Shiru, Baba? Jarirai na tsala ihu tun asuba, ni da Inna ko junanmu ba ma ji."

Ya kurɓi kununsa. Ni kuma na koma madafa ina cewa tsufa ya fara taɓa shi.

Yaya ya dawo bayan watanni, da rabin buhun gero a ka. Ya rame, ya tsayar da gemu, wandonsa bai kai idon sawu ba. Inna ta yi ta kuka tana shafa geron, don rabonmu da ganin farin hatsi mun manta. Washegari da safe ina madafa, kunnena na zaure ba tare da na sani ba. Na ji takunsa. Na ji sallama cikakkiya. Na jira ƙarar, ba ta zo ba. Sai na leƙa.

Yaya na tsaye a tsakiyar zaure, ya miƙa wa Baba hannu.

Baba ya daɗe yana kallon inda hannun yake. Sannan ya ce, "Ina sauran gaisuwar?"

"Ita ke nan, Baba. Sallama ita ce gaisuwar Musulmi."

"A can aka karya maka ƙafa?"

"Ƙafata lau. Na yi karatu ne. Gwiwa ta Allah ce, Baba, ba a durƙusa wa ɗan Adam."

"Ni na ce maka ni Allah ne?"

"Ba ka ce ba."

"To ɗauke hannunka daga fuskata, kana tare mini haske."

Daga ranar aka shiga abin da ya ci mana sauran shekarar. Kullum da safe Yaya zai zo, bai taɓa fashi ba, ya tuɓe takalmi, ya tsaya, ya yi sallama, ya ce ina kwana. Baba zai amsa sallamar can cikin maƙoshi, don ya san hukuncinta, amma ina kwanan ba ya amsawa, albarkar ma ya daina sawa. Ya ce wa Inna kada a dafa masa geron mai tsayuwa. Inna ta ce to, ta ci gaba da damawa da shi. Baba ya san ɗanɗanon gero da na jar dawa sarai, ya shanye abinsa, babu wanda ya tayar da zancen.

Ni haushin Yaya nake ji. Na tare shi a tsakar gida na ce, "Kai da alhajin can ya gasa a rana, ka rasa wanda za ka rama a kansa sai tsohon da ya haife ka?"

Ya ce, "Auta, ba ramuwa ba ce. In na durƙusa wa Baba, da wane baki zan ce wa talaka kada ya durƙusa wa mai buhu? Daga gida ake koya mana. Tun muna yara ake lanƙwasa mu, in mun girma kowa ya zo ya hau."

Sai na ce masa gemun bai yi masa kyau ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Suna da wata rumfa ta zana a bakin gari, inda makiyayan da suka rasa dabbobi suka yada zango. 'Ya'yan dukawa ne da teloli da maƙera waɗanda sana'ar iyayensu ta mutu a hannunsu, da waɗanda suka gama lakwal babu aiki, da masu dawowa daga cin rani. Suna karatu, suna wa'azi, suna kuma bi shago-shago suna tara abin da ya samu na sadaka, su raba. Wata rana na bi shi don in samu abin gori. Na ga wata tsohuwa, baƙin zanenta ya koɗe, ta zo karɓar tiya ɗaya. Ta fara lanƙwasa ƙafa za ta zube, Yaya ya daka mata tsawa kamar zai cinye ta.

"Miƙe, Iya, miƙe! Ba namu ba ne, haƙƙinki ne. A tsaye za ki karɓa."

Ta miƙe, ta karɓa a tsaye, ta rasa inda za ta sa idonta. Sai ta fashe da kuka. Na dawo gida ban yi gorin ba.

Sauran wa'azin nasu ma da ka saurara za ka ji yunwa a cikinsa. Suna cewa babu dole a tara jama'a a raba goro ranar suna, babu dole a yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, babu dole a cika ɗakin amarya da kwanoni. Inna ta sa musu suna masu addinin rashin goro. Amma mutumin da matarsa ta haihu a shekarar nan, yana ɓuya saboda kunyar abin da ba zai iya yi ba, in aka ce masa barin abin ma shi ne daidai a wurin Allah, ai ka cire masa ƙaya. Ban ce ba su yi imani da abin da suke faɗa ba. Yayana ya yi imani har cikin ƙashinsa. Daga baya da na zama malamar makaranta na sha zama inda masana ke bayanin irin waɗannan ƙungiyoyi, wannan ya ce kuɗin waje ne, wancan ya ce littattafai ne. Ina jin su. Ni dai na san inda na yayana ya fara, a kan yashi ne, ƙofar gidan wani alhaji, ina tsaye a gefensa da ƙwarya.

Manyan unguwa ba su ji daɗi ba. Yaro ya wuce ka a tsaye yau, gobe zai tambaye ka ina buhunan da aka ba ka. An kai ƙararsu, aka ce suna raba kan jama'a suna hana yara ganin girman manya. Aka rushe rumfar, aka tsare wasunsu na 'yan kwanaki, har da Yaya. Da aka sake su sai mutanensu suka ninka. A kwanakin da ba ya nan Baba bai tambayi kowa labarinsa ba, amma bai ɗinka ko zabira ɗaya ba.

Wajen ƙarshen bazara Baba ya kwanta. Ƙafafunsa suka kumbura, zama ya gagare shi, aka shimfiɗa masa tabarma a zauren don ya ƙi a kai shi ɗaki. Idon ya kusa tafiya gaba ɗaya. Yaya na zuwa kamar kullum, ya tsaya a kansa ya gaishe shi, Baba ya juya fuska bango. Ina kallonsu raina na ƙuna. Na roƙi Yaya, na zage shi, na ce sau ɗaya tak, Allah ba zai kama ka don ka faranta wa mara lafiya ba. Na roƙi Baba ya amsa ko da "lafiya" ce. Duk cikinsu babu wanda ya motsa. Kai ɗaya gare su, shi ya sa.

Wata safiya hannun Baba ya kasa riƙe ƙwarya, kunun ya zube a tabarma. Ni ba zan iya ɗaga shi ba, Inna ta fita neman itace. Na koma madafa in sake zubowa, Yaya ya karɓa daga hannuna ya shiga zaure. Mutumin da ke kwance a ƙasa ba a ba shi kunu daga tsaye.

Ƙas.

Ludayi ya faɗi daga hannuna. Ta bayan bango na ji muryar Baba, ta fito tar kamar ba mara lafiya ba.

"Lafiya lau. Ka tashi lafiya? Allah ya yi albarka."

Sai Yaya ya ce, "Baba, ba gaisuwa na yi ba. Kunu zan ba ka."

"Na sani. Ni dai na ji."

Na leƙa na ga Yaya ya tallafo kan Baba a ƙirjinsa yana ba shi a hankali. Da na so in ce daga ranar komai ya daidaita, amma ba haka aka yi ba. Washegari Inna ce ta ba shi kunu, Yaya ya gaishe shi a tsaye. Baba ya rasu kafin ruwan farko ya sauka. Albarkar nan ita ce ta ƙarshe da ya sa masa.

Ruwa ya dawo, gero ya dawo, dangi suka koma ƙauye. Mutanen rumfa suka gina masallaci, suka gina makaranta. Da aka buɗe siyasar jam'iyyu sai ga masu neman ƙuri'a suna sintiri a ƙofar Yaya, don in ya ce ga inda za a yi, unguwanni ne ke bi. Ya zama mai zaure shi ma, da kujera, da buhuna a lokacin azumi. Na sha zuwa in tarar da samari a tsugune a gabansa. Wani lokaci yakan tuna ya ce su miƙe, wani lokaci hira ta ɗauke masa hankali. Na taɓa ce masa, "Yaya, wancan ƙafarsa ta fara mutuwa." Ya yi wata biyu ba ya yi mini magana. Na ce babu komai, na saba da irin gidanmu.

Yanzu ya tsufa ƙwarai. Gwiwar nan ta ƙage, ba ta lanƙwasuwa ko kaɗan, a kan kujera yake salla. Idonsa ma ya bi na Baba. Da sallar bara na je gaishe shi, na tarar da shi shi kaɗai a zaure. Tsokanar nan da ba ta bar ni ba ta motsa, na tuɓe takalmi na durƙusa a gabansa, ina jira ya daka mini tsawar miƙe. Na manta ni ma na tsufa. Gwiwata ta ce ƙas.

Bai yi tsawar ba. Ya juyo da kunnensa wajena.

"Auta ce?"

"Ni ce, Yaya. Yaya ka gane ni ban yi magana ba?"

"Wa zai zo ya durƙusa mini da tsohuwar gwiwa in ba ke ba." Can ya ce, "Haka Baba yake ji?"

"Haka yake ji. Kullum da safe."

Sai na ba shi labarin ranar da Baba ya ce gida ya yi shiru, jarirai na ihu, yana laluben basilla. Ban taɓa gaya masa ba, don ni kaina sai da na girma na gane. Yaya ya riƙe gemunsa, wanda yanzu ya yi fari fat, har ma ya yi masa kyau.

"Ni na ɗauka so yake ya gan ni a ƙasa," in ji shi.

Na ce, "Da wane idon?"

Ya dafa hannun kujera kamar zai sauko, ƙafar ta ƙi. Ya koma ya jingina. Muka zauna haka, ana ta kiɗan salla a can nesa wajen fada.

Ya ce, "Auta, sake yi in ji."

Na dafa bango na miƙe da ƙyar, na gyara zane, na sake durƙusawa a hankali. Yaya ya karkato da kunne yana jira. Gwiwar ba ta ce komai ba.